Daga Filin Daga Zuwa Digiri na Biyu: Tarihin Horar da Mataimakin Likita a Amurka

Mataimakin likita, a ma'anar da dokokin Amurka suka ba shi, ma'aikacin lafiya ne mai lasisi wanda yake sauraron koken majiyyaci, ya duba jikinsa, ya tura shi gwaji, ya gano abin da ke damunsa, ya rubuta masa magani, ya kuma kama wa likita aiki a ɗakin tiyata, yana yin duk wannan a ƙarƙashin kulawar cikakken likita ko da haɗin gwiwarsa, gwargwadon abin da dokar jiharsa ta tanada. Hanyar da kusan kowa ke bi a yau domin shiga wannan sana'a ita ce ya fara kammala digirin farko, sannan ya ƙara karatu na kimanin wata 27 a makarantar da hukumar tantancewa ta amince da ita, ya fito da digiri na biyu, ya kuma ci jarrabawar ƙasa. Makarantun da ke ba da horon sun haura 300, masu riƙe da takardar shaidar aikin kuma sun zarce 170,000 a ƙarshen 2023. Wanda ya tarar da tsarin a haka zai ɗauka tun fil azal haka aka gina shi, alhali kuwa an ƙirƙiro sana'ar ne domin mutanen da ba su da digiri ko ɗaya, kuma hawan da ta yi daga takardar shaida zuwa digiri na biyu cikin shekara hamsin da 'yan kai ya zo mata da riba da hasara waɗanda suka cancanci a auna su.

Tunanin samar da ma'aikaci mai matsakaicin horo, wanda zai yi aikin likita a inda likita ba ya zuwa, ya girmi Amurka da kanta. Rasha ta daɗe da irin waɗannan ma'aikata, waɗanda suka faro a rundunonin soja kafin su bazu cikin ƙauyuka, Faransa kuma ta kafa dokar "jami'in lafiya" a 1803, mutumin da aka yarje masa duba marasa lafiya a cikin lardin da ya ci jarrabawa kawai, har aka soke muƙamin a 1892. Turawan mulkin mallaka sun shigo da irin wannan tsari Afirka ta Yamma: makarantar likitanci ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918, ta yi ta yaye "likitocin Afirka" ga yankunan da Faransa ke mulka, cikinsu har da Félix Houphouët-Boigny wanda ya gama a 1925, makarantar Yaba ta Legas kuma ta fara horar da mataimakan likita a 1930. Sai dai a hannun 'yan mulkin mallaka wannan muƙami rufi ne da aka sa wa ɗan ƙasa domin kada kansa ya wuce nan, domin takardar Yaba ba ta aiki a wajen Nijeriya, mai ita kuma yana zaune ne a ƙasan likita Bature a albashi da girma komai daɗewarsa a aiki. Wannan tabo ya bi kalmar "mataimaki" a wurare da dama, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa tun farko ake gardama a kan matsayin masu wannan aiki.

A Amurka kuwa, buƙatar ta taso ne daga nasarar da ilimin likitanci ya samu. Rahoton Abraham Flexner na 1910 ya ɗaga darajar makarantun likitanci, ya ɗaure su da jami'a da ɗakin gwaje-gwaje, amma ya yi sanadin rufe da yawa daga cikinsu, har da biyar daga cikin bakwai na baƙar fata, inda Howard da Meharry kaɗai suka tsira. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sababbin likitoci suka raja'a ga ƙwarewa a fanni guda, wannan ya zama likitan zuciya, wancan likitan ido, suka kuma taru a birane inda manyan asibitoci suke, likitan gari mai duba kowa da kowa ya yi ta tsufa ba magaji. Ana cikin haka, a watan Yulin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare da Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi da marasa galihu, sai miliyoyin mutanen da a da suke haƙuri da ciwo a gida suka samu ikon zuwa asibiti. A daidai wannan lokaci dubban sojojin jinya suna barin aikin soja kowace shekara, mutanen da suka tsayar da jini, suka ɗinke rauni, suka sa ƙarin ruwa a jiragen yaƙi da filin daga na Koriya da Biyetnam, amma da zarar sun tuɓe kaki babu takardar da za ta ba su damar taɓa majiyyaci a asibitin farar hula, wasu sai dai su koma turin gadon marasa lafiya ko su bar fagen gaba ɗaya. Dakta Charles Hudson ya ja hankalin likitoci ga wannan ɓarna a wata maƙala da ya buga a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka a 1961, inda ya ba da shawarar a horar da irin waɗannan mutane su zama mataimaka, amma a lokacin maganar ba ta wuce takarda ba.

Mutumin da ya mayar da ita aiki shi ne Dakta Eugene Stead, shugaban sashen cututtukan manya na Jami'ar Duke da ke Durham a jihar Karolina ta Arewa. Abubuwa biyu a rayuwarsa sun shirya shi ga wannan. Na farko, a lokacin yaƙin duniya yana koyarwa a Jami'ar Emory da asibitin Grady na Atlanta, inda aka kwashe likitoci zuwa fagen fama, aka taƙaita karatun likitanci zuwa shekara uku, ya kuma ga da idonsa ɗalibai suna riƙe ɗakunan marasa lafiya yadda ya kamata idan akwai mai sa musu ido. Daga nan ya sakankance cewa yawancin abin da likita ke yi kullum ana iya koyar da shi cikin gajeren lokaci a gefen gadon majiyyaci. Na biyu, a ƙarshen shekarun 1950 ya haɗa kai da wata malamar jinya mai suna Thelma Ingles suka buɗe karatun digiri na biyu domin ba ma'aikatan jinya horo mai zurfi a kan duba marasa lafiya, amma hukumar da ke tantance makarantun jinya ta ƙi amincewa da shirin, tana ganin hannun likitoci ya yi yawa a ciki. Abin lura a nan shi ne, yunƙurin Stead na farko a matakin digiri na biyu ya yi shi, kuma ƙin amincewar da aka yi ne ya juya shi zuwa ga tsofaffin sojoji marasa digiri.

Akwai kuma misali mai rai da likitocin Duke suka sani sarai. A ƙaramin garin Garland na wannan jiha, Dakta Amos Johnson ya ɗauki wani saurayi baƙar fata mai suna Henry Lee Treadwell aiki a 1940, ya yi ta koya masa sana'ar kaɗan-kaɗan a cikin ɗakin duba marasa lafiya: ɗibar jini, gwajin fitsari, ɗinkin rauni, ɗora karaya da filasta, sauraron ƙirji. Johnson mutum ne mai yawan tafiye-tafiye saboda shugabancin ƙungiyar likitocin gari, kuma idan ba ya nan Treadwell ne ke riƙe asibitin, ya duba wanda zai iya dubawa, wanda ya fi ƙarfinsa kuma ya sa shi a mota ya kai shi Duke da kansa, ya tsaya ya yi wa manyan likitoci bayanin ciwon tun daga farkonsa. Duk wannan yana faruwa ne a kudancin Amurka a zamanin wariyar launin fata, inda fararen garin suka saba miƙa hannunsu ga baƙin mutum ya yi musu allura saboda sun ga aikinsa. Treadwell bai taɓa shiga jami'a ba, Duke kuma ta karrama shi da takardar girmamawa ta mataimakin likita a 1970. Babu makarantar da za ta karɓi takardunsa a yau, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna nisan tafiyar da sana'ar ta yi.

A watan Oktoban 1965 Stead ya karɓi tsofaffin ma'aikatan jinya huɗu na sojan ruwa a matsayin ɗalibansa na farko. Karatun na shekara biyu ne, wata tara a aji ana koyon sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki da ilimin magunguna, sauran wata 15 kuma ana zagaya sassan asibiti tare da likitoci. Uku daga cikinsu, Victor Germino da Kenneth Ferrell da Richard Scheele, suka gama a ranar 6 ga Oktoban 1967, ranar da ta dace da zagayowar haihuwar Stead, kuma har yanzu ita ce ranar da masu sana'ar ke bikinta kowace shekara. Takardar shaida aka ba su, ba digiri ba. Stead ya fi damuwa da abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa da kuma sanin inda iyawarsa ta tsaya, domin a ganinsa mataimaki nagari shi ne wanda ya san lokacin da zai kira likita. Ƙofar ta ɗan ƙara buɗewa ba da jimawa ba: Prentiss Harrison, baƙar fata na farko, ya gama a 1968, Joyce Nichols kuma, wadda ƙaramar ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Duke, ta nace da neman gurbi duk da an fi son tsofaffin sojoji maza, ta gama a 1970 a matsayin mace ta farko, ta kuma tafi ta buɗe asibitin karkara a arewacin gundumar Durham.

Duke ba ita kaɗai ba ce, kuma shirin da ya fi kusa da manufar kai lafiya ƙauye shi ne MEDEX, wanda Dakta Richard Smith ya kafa a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a 1969. Smith, likita baƙar fata, ya yi aiki a Nijeriya a farkon shekarun 1960 a matsayin likitan 'yan sa-kai na Amurka, inda ya ga yadda malaman asibiti ke ɗauke da nauyin jama'a a wuraren da likita guda ke kula da lardi. Hikimar tsarinsa ita ce tun kafin a ɗauki ɗalibi sai an samo likitan karkara wanda aiki ya yi masa yawa, wanda ya yarda zai koyar da shi kuma zai ɗauke shi aiki bayan ya gama. Ɗalibin zai yi wata uku a jami'a, sannan ya tafi ya yi shekara guda a asibitin wannan likita, ya san jama'ar garin su ma su san shi, ta yadda ranar da ya gama karatu ya riga ya zauna a inda ake buƙatarsa. Daga baya Smith ya koma Hawai ya kai wannan tsari ƙasashe irin su Guyana da Lesoto. A shekarun nan dai Dakta John Kirklin ya buɗe horon mataimakin likitan tiyata a Alabama a 1967, Dakta Hu Myers ya kafa shirin farko mai ba da digirin farko a kwalejin Alderson-Broaddus ta Bajiniya ta Yamma a 1968, Dakta Henry Silver kuma ya buɗe na kula da lafiyar yara a Kolorado, wanda ya riga kowa ba da digiri na biyu a farkon shekarun 1970.

Babbar matsalar waɗannan shekaru ta doka ce, domin dokokin jihohi sun ce duba majiyyaci da ba shi magani aikin mai lasisin likita ne kaɗai. A 1966 aka gurfanar da wani tsohon sojan jinya a Kalifoniya saboda yana taimaka wa likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, aka same shi da laifin yin aikin likita ba lasisi, Stead da kansa ya je ya ba da shaida a shari'ar. Mafitar da aka samu ita ce a yi wa dokokin kwaskwarima ta yadda likita zai iya wakilta wani sashe na aikinsa ga mataimakin da aka horar, alhakin kuma ya zauna a wuyan likitan. Kalifoniya ta yi dokarta a 1970, wasu jihohi suka biyo baya. A 1971 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta amince da ƙa'idojin da kowace makaranta za ta cika, majalisar dokoki kuma ta ware kuɗi domin buɗe sababbin makarantu, aka zauna jarrabawar ƙasa ta farko a watan Disamban 1973, aka kuma kafa hukumar ba da takardar shaida a 1974. Muhimmin abu a wannan gini shi ne an ɗora shi a kan iyawa, ba a kan sunan takarda ba. Mai takardar shaida daga asibiti, da mai difloma ta shekara biyu daga kwalejin unguwa, da mai digirin farko, da mai digiri na biyu, duk jarrabawa ɗaya suke zama, lasisi ɗaya suke karɓa, kuma a shekarun farko har wanda ya koyi aikin a hannun likita ba tare da makaranta ba ana barinsa ya gwada sa'arsa.

Sauran tarihin shekaru talatin da suka biyo baya na kuɗi ne da haƙuri. Dokar asibitocin karkara ta 1977 ta ba Medicare damar biyan aikin mataimaki a ƙauyuka, amma wani rahoton gwamnati na 1980 ya yi hasashen cewa likitoci za su yi wa ƙasar yawa nan da shekara goma, sai tallafi ya ja baya, wasu makarantu suka rufe. Hasashen bai tabbata ba. Dokar kasafin kuɗi ta 1997 ta daidaita biyan mataimaki a kan kashi 85 cikin 100 na abin da ake biyan likita a kowane irin asibiti, Misisipi ta zama jiha ta ƙarshe da ta halatta aikin a 2000, Indiyana kuma ta ƙarshe da ta ba su ikon rubuta magani a 2007.

A wannan tsakani ne aka fara hawa zuwa digiri na biyu, kuma ya kamata a faɗi gaskiya cewa tsawon karatun bai canza wani abin kirki ba, domin shekara biyu ne a zamanin Stead, shekara biyu da 'yan watanni kuma a yau. Abin da ya canza shi ne abin da ake nema kafin shiga da sunan takardar da ake bayarwa a ƙarshe. Masu goyon bayan sauyin suna da hujja mai ƙarfi: darussan da ɗalibi ke haɗiya cikin wata 27 sun fi na yawancin digiri na biyu nauyi, saboda haka zalunci ne a sallame shi da difloma. Ban da wannan, abokan gogayyarsu, wato ma'aikatan jinya masu zurfin horo waɗanda Loretta Ford da Henry Silver suka fara horarwa a Kolorado a 1965, sun riga sun koma digiri na biyu, masu haɗa magunguna da masu gashin ƙashi kuma suna hawa zuwa digiri na uku, sannan idan aka je gaban 'yan majalisar jiha neman ikon rubuta magani, tambayar farko da suke yi ita ce wane digiri mai neman yake da shi. Jami'o'i ma, musamman masu zaman kansu, sun gane cewa karatun gaba da digiri yana kawo kuɗin makaranta mai tsoka. Duke da kanta ta koma ba da digiri na biyu a farkon shekarun 1990, wani babban taro na shugabannin sana'ar a 2009 ya tsayar da cewa digiri na biyu ne matakin shiga kuma shi ne na ƙarshe, hukumar tantancewa kuma, wadda ta samu cin gashin kanta a 2001, ta sa shekarar 2020 a matsayin wa'adin da kowace makaranta za ta koma kan wannan mataki ko ta rasa amincewa.

Ɗalibin yau yana fara shiri tun yana digirin farko, inda dole ya ci darussan halittu da sinadarai da sassan jiki da ƙananan ƙwayoyin cuta da maki mai kyau, sannan ya tara sa'o'in aiki da marasa lafiya, sau da yawa dubu ɗaya ko biyu, a motar ɗaukar marasa lafiya ko ɗakin ɗibar jini ko gidan kula da tsofaffi. Yana tura takardunsa ta wata cibiya guda ta intanet da aka buɗe a 2001, wadda ke rarraba su ga makarantun da ya zaɓa, kuma masu nema sun ninka guraben da ake da su. Shekarar farko a aji take ƙarewa, daga safe zuwa yamma, jarrabawa na bin jarrabawa, ana feɗe gawa domin sanin sassan jiki, ana kuma koyon tambayar majiyyaci da taɓa cikinsa a jikin mutanen da aka horar su kwaikwayi masu ciwo. A shekara ta biyu sai ya sa gajeren farin kwat ya shiga zagaye na kimanin sa'a 2,000, makonni kaɗan a kowane sashe: lafiyar iyali, cututtukan manya, yara, mata da haihuwa, tiyata, agajin gaggawa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Jarrabawar ƙasa tambaya 300 ce cikin sa'a biyar, bayan ta kuma akwai sa'a 100 ta ƙarin ilimi duk shekara biyu da sabunta shaida duk shekara goma. Saboda horon na gama-gari ne, mataimaki na iya barin sashen ƙashi ya koma na fata ko na zuciya ba tare da ya sake komawa makaranta ba, abin da cikakken likita ba ya iya yi sai ya sake shekaru yana neman sabuwar ƙwarewa.

Ribar wannan tsari a fili take, domin majiyyaci a kowace jiha ya san matakin ilimin wanda ke duba shi, masu sana'ar kuma sun samu albashi da mutunci da Treadwell bai taɓa mafarkinsu ba. Amma hasarar ma ba ƙarama ba ce, kuma ta faɗa ne a kan mutanen da aka kafa sana'ar dominsu. Sojan jinya da ya dawo daga Iraƙi ko Afganistan da shekaru na ƙwarewa, idan ba shi da digiri, sai ya fara shekara huɗu a jami'a kafin ma a duba takardarsa. Kwalejojin unguwa masu arha, waɗanda suka fi kowa ɗaukar 'ya'yan talakawa da mutanen karkara da manya masu iyali, ba su da hurumin ba da digiri na biyu, saboda haka wasu suka rufe shirinsu, wasu suka jingina da jami'o'i kuɗin ya tashi. Ɗalibi da yawa yana fitowa da bashin da ya haura dala 100,000, wanda ke ɗauke da irin wannan bashi kuwa ba a yi masa adalci ba idan aka zarge shi don ya zaɓi sashen tiyata a birni a kan asibitin ƙauye. Ga kuma ƙa'idar 2003 da ta taƙaita aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa sa'a 80 a mako, wadda ta sa manyan asibitoci suka buɗe baki suna ɗaukar mataimaka domin cike giɓin. Sakamakon shi ne a yau kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke aiki a matakin farko na kiwon lafiya, baƙar fata kuma ba su kai kashi 4 cikin 100 na masu sana'ar ba, duk da rawar da Treadwell da Harrison da Nichols da Smith suka taka a kafuwarta. Mata, waɗanda da ƙyar aka karɓi ta farkonsu, yanzu su ne kimanin kashi 70 cikin 100, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Rundunar soja kuwa ta bar tsohuwar ƙofa a buɗe, ta hanyar makarantarta ta haɗin gwiwa da ke San Antoniyo a Teksas, inda ƙaramin soja mai wasu darussan jami'a ke shiga yana karɓar albashinsa, ya fito da digirin farko da na biyu, ya biya da shekarun hidima.

Ƙasashen da suka ari tsarin ba su bi sawu ɗaya ba, kuma bambancinsu yana nuna cewa digiri na biyu ba dole ne ya rufe wa ma'aikaci ƙofa ba. Holan, wadda ta fara a farkon shekarun 2000, tana ɗaukar ma'aikacin jinya ko mai gashin ƙashi da ya riga ya yi shekaru yana aiki, ya yi wata 30 yana karatu yana kuma aiki da albashi a hannun likitan da zai ci gaba da zama da shi, wanda kusan tsarin Smith ne aka ɗaga shi zuwa matakin jami'a. Ingila kuwa ta ɗauki matasa masu digirin kimiyya ta ba su shekara biyu, ta baza su asibitoci kafin ta kafa musu dokar sa ido, sai rikici ya ɓarke tsakaninsu da likitoci bayan wasu mace-mace da aka danganta da majiyyata da suka ɗauka likita ne ya duba su. Sai a watan Disamban 2024 majalisar kula da likitoci ta ƙasar ta fara yi musu rajista, wani bincike da Farfesa Gillian Leng ta jagoranta kuma ya ba da shawara a watan Yulin 2025 cewa a taƙaita irin majiyyatan da za su fara dubawa. A Gana, makarantar Kintampo ta fara horar da mataimaka ga asibitocin karkara tun 1969, dokar 2013 kuma ta sa su ƙarƙashin majalisar likitoci da sunan mataimakan likita, karatunsu kuma yanzu a matakin digirin farko yake. Nijeriya ba ta da muƙami mai wannan suna, amma jami'an kiwon lafiyar al'umma da makarantun fasahar lafiya ke yayewa, waɗanda ke aiki da littafin umarni da ke nuna musu abin da za su yi da lokacin da za su tura majiyyaci gaba, su ne ke riƙe da wannan gurbi a yawancin asibitocin shan magani na karkara.

A Amurka kanta hawan bai tsaya ba. A 2017 ƙungiyar masu sana'ar ta fara neman a cire sharaɗin ɗaure kowane mataimaki da likita guda a takarda, Dakota ta Arewa ta amsa a 2019, wasu jihohi kuma suka sassauta ga wanda ya tara shekarun aiki. A 2021 ƙungiyar ta kaɗa ƙuri'ar sauya sunan daga mataimakin likita zuwa abokin aikin likita, Oregon ta zama jiha ta farko da ta sa sabon sunan a doka a 2024, ƙungiyoyin likitoci kuma suna adawa da shi bisa hujjar cewa zai rikita majiyyata, wadda ita ce hujjar da ta sa binciken Leng ya nemi Ingila, inda ake amfani da sabon sunan, ta koma tsohon sunan. Digiri na uku ma ya shigo: rundunar soja da Jami'ar Baylor sun yaye rukunin farko a fannin agajin gaggawa a 2007, Jami'ar Lynchburg ta buɗe nata a 2017, wasu da dama suka biyo baya. Har yanzu na ganin dama ne, ana yin sa bayan an fara aiki, kuma ba ya ƙara wa mai shi ikon yin wani abu a gefen gado wanda mai digiri na biyu ba ya yi. Idan aka wayi gari ya zama sharaɗin shiga, shekarun karatun mataimaki bayan sakandare za su kusa kamo takwas ɗin da ɗalibin likitanci ke yi kafin ya fara neman ƙwarewa, bashin zai ƙaru, kuma asibitin ƙauyen da ya kasa riƙe mai digiri na biyu zai fi shan wuya wajen samun mai na uku.